Robert Leiper, Mai Bin Sawun Tsutsa

Wanda ya tashi a ƙauye kafin shekarun 1990 ba sai an yi masa bayanin kurkunu ba. Ya ga magidanci zaune a gindin bishiya ana tsakiyar damina, ƙafa a miƙe, ana naɗe wani farin zare a jikin tsinke, kullum kaɗan-kaɗan, don in aka yi garaje ya tsinke sai ƙafar ta kumbura ta yi ruwa. Gona kuwa ciyawa ta cinye ta. Kowa ya san ta inda kurkunu ke fita. Ta inda yake shiga ne aka yi ta kai-kawo: wannan ya ce jifa ne, wancan ya ce a jini yake, wani ya ce taka shi ake yi.

Akwai masanan da sana'arsu ke nan, gano ta inda tsutsa ke shiga. Aikinsu ya fi kama da na mai bin sawun shanun sata fiye da na likita mai rubuta magani. Yawancin waɗannan tsutsotsi ba sa tashi daga jikin wani su faɗa jikin wani kai tsaye. Sai sun ya da zango a jikin wata halitta, sun sake kama, har uwar da ta haife su ba za ta gane su ba. Gwanintar ita ce gano wannan mai masauki. A cikin waɗanda suka iya wannan aiki, ni dai Robert Leiper ne ya fi burge ni.

An haife shi a 1881 a garin Kilmarnock na ƙasar Sikotilan, ya yi karatun likita a Gilasgo. A 1905 wani babban likita, Patrick Manson, ya ɗauke shi aiki a makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan, aka ba shi ɓangaren tsutsotsi, fagen da ba kowane sabon likita ke marmarinsa ba, tun da rabin aikin tonon bayan gida ne. A shekarar kuma ya sauka Akra, a ƙasar da yau ake kira Gana, yana ɗan shekara 24.

Ba shi ya fara bin sawun kurkunu ba. Tun wajen 1870 wani masani ɗan Rasha, Fedchenko, ya ga 'ya'yan kurkunu a cikin wata 'yar mitsitsiyar halittar ruwa da za mu iya kira ƙumar ruwa. In ka ɗebo ruwan kududdufi a kofin gilashi ka ɗaga shi a rana, za ka ga wasu fararen ɗigo suna zillo, su ne. Amma ganin ɓarawo a wani gida bai nuna ta nan ya bi ya shiga naka ba. Leiper ya so hujja. Sai ya haɗa ruwa mai tsami daidai da na cikin tumbin mutum, ya ɗiga wa ƙumar da ke ɗauke da tsutsa, yana kallo ta madubin likita. Ƙumar ta mutu nan take. Tsutsar da ke kwance lamo a cikinta kuwa sai ta farka, ta yi ta mutsu-mutsu har ta fasa ta fito. Abin da ke faruwa a cikin mutum bayan ya kwankwaɗi ruwan tafki, ga shi a kan ɗan gilashi.

Duk da haka bai ce ya gama ba. Ya sa ƙumar a ayaba ya ba biri, ya jira wajen wata shida, sannan aka buɗe birin aka tarar da tsutsotsi, maza da mata. Wannan jiran shi ne abin da ba kowa ke iyawa ba. Kurkunu kusan shekara yake yi a jiki kafin ya huda fata, shi ya sa da wuya mutum ya danganta ciwon bana da ruwan da ya sha bara. Mai son sakamako gobe da safe ba zai iya wannan sana'a ba.

A 1912 yana Kalaba, yana bin wata tsutsa da ke yawo a ƙarƙashin fata har takan gilma ta farin idon mutum. Ya yi ta kama ƙwari masu cizo iri-iri yana feɗe su ɗaya bayan ɗaya, har ya same ta a jikin wani ƙudan kurmi mai cizo da rana. Kafin nan ma ya taɓa bin tsutsar da ke kashe wani tsuntsu mai kama da fakara a tsaunukan ƙasarsu, ya nuna 'ya'yanta hawa kan tohon ciyawa suke yi tsuntsun ya tsince su. A wurinsa tsutsar tsuntsu da ta mutum duk karatu ɗaya ne.

Babban aikinsa a Masar ya yi shi, kan tsargiya. Mu ma mun san ta: yaro ya je wanka rafi, bayan wani lokaci ya fara fitsarin jini, har a wasu wuraren a ɗauka alamar girma ce. Wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya ga tsutsar tun 1851 a wani asibitin Alƙahira, amma sama da shekara sittin ba a san yadda take shiga mutum ba. Babban malamin fagen a lokacin, Arthur Looss, wanda Leiper ya taɓa zama a gabansa a Alƙahira, ya kafe cewa babu wani mai masauki, kuma tsutsar iri ɗaya ce. Looss ba ƙaramin masani ba ne. Shi ne ruwan gwaji ya zube masa a hannu, ya ji ƙaiƙayi, daga nan ya gano wata tsutsar hanji ta fata take shiga. Sai dai a kan tsargiya ya yi kuskure, kuma girmansa ya sa mutane da yawa suka kama bakinsu.

Matsalar tana cikin ƙwai. A madubi, ƙwan tsargiya yana da 'yar ƙaya. Wanda ake samu a fitsari ƙayarsa a ƙarshe take, kamar tsinin allura. Wanda ake samu a bayan gida kuwa a gefe take. Tsutsa ɗaya ce ke yin ƙwai iri biyu, ko tsutsa biyu ce? Shekaru aka yi ana musu a takarda.

Leiper ya fara zuwa Sin da Japan a 1914, inda masana biyu 'yan Japan, Miyairi da Suzuki, suka riga suka gano cewa irin tasu tsargiyar a jikin katantanwa take rainon 'ya'yanta. Ya ga yadda suka yi, bai ji kunyar koyo ba. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, aka jibge sojoji a Masar, hukumar sojan Ingila ta tura shi can a 1915 don kada tsargiya ta gama da su. Ya zaɓi wani ƙauye kusa da Alƙahira, El Marg, inda mafi yawan yara ke da cutar, ya sa aka yi ta kwaso katantanwa daga magudanar ruwan garin.

A nan ake ganin hannun gwani. Katantanwar ruwa iri-iri ce, kuma kusan kowacce tana ɗauke da 'ya'yan wata tsutsa, ta kwaɗo, ta tsuntsu, ta kifi. Sai an ware kowace iri a nata gilashin, a jira ta saki abin da ke cikinta, a duba a madubi a bambance na mutum, masu wutsiya mai baki biyu kamar harshen maciji. Leiper ya tsoma ɓeraye a ruwan, ya jira makonni, ya buɗe su. Waɗanda suka shiga ruwan katantanwa mai ɗan tsini sun ba da ƙwai mai ƙaya a ƙarshe. Waɗanda suka shiga ruwan katantanwa mai faɗi, wadda ke naɗe kamar gammo, sun ba da mai ƙaya a gefe. Tsutsa biyu, masu masauki biyu, kuma ta fata suke shiga. Musu ya ƙare. Ya kuma lura 'ya'yan tsutsar ba sa daɗewa in ba su sami jiki ba, don haka ruwan da aka ajiye kwana biyu ba katantanwa a ciki ya zama na wanka lafiya. Shawarar da ya ba sojoji ke nan, ba ƙwaya ba allura.

Bayan yaƙi ya kafa mujallar nazarin tsutsotsi a 1923, ya kuma jagoranci wata cibiya a St Albans mai binciken tsutsotsin dabbobin gida da na amfanin gona. Ya rasu a 1969.

Har yau kurkunu ba shi da magani, ba shi da rigakafi. Ƙyallen tace ruwa, rijiya mai kyau, da hana mai ciwo tsoma ƙafa a tafki, su suka kore shi, wato an datse hanyar da Fedchenko da Leiper suka nuna. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan uku da rabi ke kamuwa a shekara. Nijeriya kaɗai ta ƙirga sama da dubu 650 a ƙarshen shekarun 1980. Cibiyar Jimmy Carter ta shiga aikin, Janar Yakubu Gowon ya yi ta zaga ƙauyuka, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da shi, Gana ta biyo baya a 2015.

Sai kuma sawun ya ɓulla inda ba a zata ba. Daga 2012 aka fara ganin kurkunu yana fita daga ƙafafun karnuka a Cadi, a garuruwan masunta na bakin kogin Shari, har aka kai ga ƙirga ɗaruruwa a shekara. Masu binciken sun koma bakin ruwa da madubinsu, suna feɗe ƙananan kifi da kwaɗi, don suna zargin ta kayan cikin kifin da ake watsar wa karnuka tsutsar ke bi. Kafin a gama tantancewa, an roƙi masunta su riƙa binne kayan cikin kifi, karen da tsutsa ta fito masa kuma a ɗaure shi a gida, a kai masa ruwa a kwano har ta gama fita.