Tilas Ba da Igiya Ba: Tarken Gajeren Labarin "The Madman" na Chinua Achebe

Gabatarwa

Akwai tambayar da likitoci da alƙalai da malaman addini suka daɗe suna kai-komo a kanta, wato yaushe ne ya halatta a kama baligi a tsare shi, a ɗura masa magani ba da yardarsa ba, bisa hujjar cewa hankalinsa ya taɓu? Wannan maƙala za ta dubi tambayar ta fuskar adabi, ta hanyar tarken gajeren labarin Chinua Achebe mai suna "The Madman", wato Mahaukacin, wanda ke cikin littafinsa Girls at War da aka buga a 1972. Wanda ya karanta labarin sau ɗaya yakan tsaya a kan barkwancinsa, inda mai hankali da mahaukaci suka yi musayar matsayi. A ganina, nauyin labarin yana cikin abin da jama'a suka yi bayan musayar.

Taƙaitaccen Labari

Tauraron labarin, Nwibe, magidanci ne mai wadata a wani gari na ƙasar Ibo, kuma yana shirin neman sarautar ozo, wadda ake ba dattawa masu hali da mutunci. Wata ranar kasuwa ya tsaya wanka a rafi, sai wani mahaukaci da ke yawo tsirara tsakanin kasuwanni ya ɗauke zanensa ya ɗaura, ya sheƙa a guje. Nwibe ya bi shi zigidir yana ihu. Mahaukacin ya saje da jama'a tunda yanzu yana da sutura, shi kuwa Nwibe ya faɗa tsakiyar kasuwa a tuɓe. A al'adar garin, haukan da ya shiga kasuwa ba ya jin magani. Mutanen garinsu suka riƙe shi, amaryarsa Udenkwo ta ba da mayafinta aka rufe shi, aka ja shi gida. Boka na farko ya ƙi karɓar aikin, na biyu ya karɓa, aka ce ya warkar da shi, ya yi suna. Bayan shekara biyu Nwibe ya sake tayar da zancen sarauta, dattawa suka kau da maganar cikin ladabi.

Warwarar Jigo

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya lura da shi, shi ne babu mugu ko ɗaya a cikin waɗanda suka riƙe Nwibe. Ba a ɗaure shi ba, ba a doke shi ba. Sau ɗaya tak ya yi ƙoƙarin faɗin abin da ya faru a rafi, sai aka rarrashe shi kamar yadda uba ke rarrashin yaro mai kuka. Wannan rarrashi shi ne tilas ɗin da labarin ke magana a kai. Da zarar an yanke cewa mutum ya zautu, gaskiyar da ya faɗa takan koma shaida a kansa. In ya yi shiru, a ce ciwon ne. In ya yi gardama, a ce abin ya motsa. Bahaushen da ya yi karatun fiƙihu ya san girman wannan hukunci, domin mahaukaci ba a karɓar shaidarsa, cinikinsa ba ya ƙulluwa, sakinsa ba ya aukuwa. Shari'a ta yi haka ne don kare mara lafiya, amma idan aka yi kuskuren mutum, wannan kariya ita ce za ta toshe masa bakin da zai kare kansa da shi. Achebe ya ƙara wa abin gishiri da ya sa Nwibe kansa ya jefi Udenkwo da kalmar hauka a safiyar ranar, sa'ad da take rigima a gida. Kalmar ba ta da nauyi a bakin mai faɗinta.

Abu na biyu shi ne tambayar wa aka yi wa magani. Mahaukacin gaskiya, wanda Achebe ya buɗe labarin da tunaninsa, ya sha bulala a kasuwa, ya sha duka a hannun direba da yaron mota, yara sun jefe shi. Ba wanda ya taɓa kai shi wurin boka. Mai lafiya aka kai, domin shi ne mai dangi da dukiya da sunan da za a ji kunyar zubewarsa. Ke nan maganin dole a labarin nan mutuncin gida yake bi, buƙatar mara lafiya tana baya. Hausawa kan ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. A nan dangi ne suka naɗe tasu tabarmar da haukan da suka jingina wa ɗan'uwansu. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A gidajen marin da 'yan sanda suka fasa a jihohin Kaduna da Katsina a 2019, da yawa daga waɗanda aka samu cikin sarƙa iyaye da dangi ne suka kai su da hannunsu.

Abu na uku shi ne bokan nan na biyu. Ya karɓi aikin ne don neman abinci, ya kuma ci ribar warkar da wanda ba shi da ciwo. Babu wanda zai tuhume shi, saboda shi ne mai ganewa, shi ne mai magani, shi ne kuma mai shelar waraka. Duk tsarin da ya tara waɗannan a hannu ɗaya, na boka ne ko na asibiti, ya bar majinyaci ba mai jin kokensa. Dokar mahaukata ta Nijeriya ta 1958, wadda tushenta ke cikin dokar Turawan mulki ta 1916, ta fi damuwa da tsarewa fiye da jinya. Ita aka yi ta amfani da ita har Janairun 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa. Sabuwar dokar ta amince da haƙƙoƙin majinyaci, amma ba ta soke kwantarwar dole ba, sai dai ta gindaya mata sharuɗɗa.

Raunin Labarin

Duk da haka, labarin ya sauƙaƙa wa kansa hanya. Mai karatu yana bakin rafi sa'ad da aka ɗauke zanen, saboda haka ya san Nwibe lafiyarsa ƙalau. Dangi da likita ba su da wannan gata. Uwar da ɗanta ya kwana huɗu bai runtsa ba, yana wasa wuƙa yana cewa ana yi masa magana a kunne, ba za a ce mata ta jira yardarsa ba, domin ciwon ya taɓa wurin da yarda ke fitowa. Barin irin wannan mutum a titi da sunan 'yanci zalunci ne shi ma. Achebe ya tsallake wannan gaɓa: mahaukacinsa ya ɓace cikin kasuwa, marubucin bai sake waiwayarsa ba, kamar yadda mutanen garin ba su waiwaye shi ba. Haka kuma bai nuna mana abin da ya gudana a ɗakin boka ba. Mai neman tsaka-tsaki sai ya dubi abin da Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara a Aro, kusa da Abeokuta, a 1954, inda majinyata ke zama a ƙauyuka tare da wani danginsu, suna zuwa asibiti da rana.

Kammalawa

Labarin bai hana a riƙe mutum ba idan rai na cikin haɗari. Abin da ya tona shi ne yadda ake riƙewa ba tare da an saurara ba, da yadda tabon ke wanzuwa bayan an saki. Mu ma mukan ce mahaukaci ba ya warkewa sai dai rangwame, kuma da irin wannan tunani dattawan ozo suka rufe wa Nwibe ƙofa. Saboda haka duk wanda zai sa hannu a tsare wani, ya wajaba ya tambayi kansa: don lafiyarsa nake yi ko don kunyata? Wa zai binciki hukuncina, kuma yaushe za a sake dubawa? Da mutum ɗaya daga cikin masu jan Nwibe gida ya tambayi matan da ke ɗibar ruwa a hanyar rafi, da watakila ya ji wanda ya ɗauki zanen.