Nikolaus Pevsner da Ƙidayar Gine-ginen Ingila

Aikin Nikolaus Pevsner (1902–1983) ya kasu kashi biyu, kuma ba kullum suke jituwa ba. Akwai Pevsner mai ra'ayi, wanda ya shata wa tarihin gini hanya ɗaya tak. Akwai kuma Pevsner matafiyi, wanda ya bi Ingila gunduma-gunduma yana rubuta abin da idonsa ya gani. Nufin wannan takarda shi ne a auna su biyun.

An haife shi a Laifzig ta ƙasar Jamus, a can kuma ya sami digirin dakta cikin 1924 da bincike a kan tsofaffin gidajen birnin. Ya koyar a Jami'ar Gotingen har 1933, sa'ad da dokokin Nazi suka raba shi da aikinsa saboda asalinsa na Yahudu. Ya yi ƙaura zuwa Ingila ɗauke da koyarwar malamansa, watau kowane zamani yana da ruhinsa, kowace al'umma tana da halinta, kuma lalle ne a ga alamarsu a jikin gini.

Wannan koyarwa ita ce ginshiƙin Pioneers of the Modern Movement (1936). A ciki ya ja salsala daga William Morris zuwa Walter Gropius, ya ce gini marar ado, na ƙarfe da gilashi da kankare, shi ne ainihin salon ƙarni na 20. Littafin yana da tsari mai daɗin bi, amma aibinsa na nan cikin tsarin, domin duk maginin da bai hau salsalar ba ya zama bare. Antoni Gaudi na Basalona, alal misali, a ƙasan shafi kawai ya sami gurbi a bugun farko. David Watkin ya soki wannan hanya cikin 1977, ya ce an mai da son zuciya hukuncin tarihi, sukar kuwa tana da ƙarfi.

Haka nan a farkon An Outline of European Architecture (1943) ya raba gini iri biyu: wanda aka yi don biyan bukata kurum, kamar rumfar ajiye kekuna, da wanda aka yi da niyyar ƙayatarwa, kamar babbar majami'ar Linkon. Turanci yana da kalma daban ga kowanne, shi ya sa rabon ya yi kama da abin da ba shi da jayayya. Hausa kuwa gini take ce wa duka biyun, sa'an nan ta bambanta su da gwanintar magini. Wannan ya isa ya sa mai nazari ya yi tambaya ko iyakar a jikin bango take, ko a bakin mai magana. Ban da haka, niyyar maginin da ya daɗe da mutuwa ba abu ba ce da masani zai tabbatar cikin sauƙi.

Babban aikinsa shi ne The Buildings of England, wanda Allen Lane na kamfanin Penguin ya ɗauki nauyinsa. Littafi na farko, na gundumar Cornwall, ya fito cikin 1951, na ƙarshe, na Staffordshire, cikin 1974; jimla littattafai 46, ya rubuta 32 shi kaɗai. Mataimaka su kan tattaro masa bayani daga ɗakunan karatu, shi kuwa in an yi hutun jami'a sai ya shiga mota, sau da yawa matarsa Lola ke tuƙi, ya wuni duban gini, ya kwana rubutu. Gaggawar ta bar tabo. Akwai kurakurai, majami'u da gidajen manya sun cinye fili, gidajen manoma kuwa an wuce su da sauri. Amma fa kuskuren mai ƙidaya yana gyaruwa, tun da ginin na nan tsaye, kowa na iya zuwa ya duba. Haka kuwa aka yi: masana na baya sun sake bin gundumomin, suka gyara, suka ƙara, aka kuma miƙa aikin zuwa Sikotilan da Wales da Ailan.

Abin lura shi ne yadda tafiya ta sassauta ra'ayi. Mutumin da ya yi wa salon zamani bushara yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar kare gine-ginen zamanin Sarauniya Biktoriya cikin 1958, daga baya ya shugabance ta. Ƙungiyar ta kasa ceton ƙofar tashar jirgin ƙasa ta Euston, aka rushe ta tsakanin 1961 da 1962, amma tashar St Pancras ta tsira, ta sami kariyar doka mafi girma cikin 1967. Gani ya kori ji.

Saboda haka malamin da zai gabatar wa ɗalibai Pevsner ya kyautu ya ba su littafin 1936 su yi jayayya da shi, domin ra'ayi ne na zamaninsa, ya kuma tsufa tare da shi. Littattafan gundumomi kuwa a ba su don su koyi sana'a: a je wurin, a duba, a faɗi shekara da magini da kayan aiki, a rubuta yadda na baya zai iya gano kuskure.