Ya Isa ko Bai Isa Ba? Nazari kan Haurar da Matasa a Wasan Besbol na Amurka

A ƙwallon ƙafa, idan koci yana so ya ga ƙarfin yaro ɗan shekara 17, sai ya sako shi saura minti goma a tashi, mako mai zuwa ya ƙara masa biyar, a haka har ƙafarsa ta zauna. Wasan besbol na Amurka ba ya ba da wannan sarari. Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar MLB, kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan, kuma 'yan wasa 26 kacal aka yarda ta riƙe a yawancin kakar. Matashin da aka hauro da shi zai buga yau, ya buga gobe, ya buga jibi a gaban dubban mutane. In zaman benci zai yi, gara a bar shi inda yake. Shi ya sa tambayar ko yaro ya isa ta zama fanni mai zaman kansa a wannan wasa, da malamansa da rigingimunsa.

Sai an san yanayin wasan kafin a gane nauyin tambayar. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, tazarar mita 18 da 'yan kai daga mai bugu, ya wurgo ƙwallo da gudun da ya kai kilomita 150 a awa. Mai bugu, da kulkinsa na itace a hannu, ba shi da ko rabin daƙiƙa na yanke shawarar ya kai bugu ko ya ƙyale. Wanda ya dace sau uku cikin goma gwani ne da ake ji da shi. Wato ko fitaccen ɗan wasa faɗuwarsa ta fi nasararsa yawa, kuma a haka zai tashi gobe ya koma fili.

Tsarin renon 'yan wasa ya samo asali ne daga Branch Rickey, wanda ya jagoranci St. Louis Cardinals a shekarun 1920 da 1930. Ƙungiyarsa ba ta da kuɗin da za ta yi gogayya da masu hannu da shuni wajen sayen gogaggun 'yan wasa, sai ya koma sayen ƙananan ƙungiyoyin kansu, yana tara yara da araha yana rainonsu. Kowa ya kwaikwaye shi. Yau kowace babbar ƙungiya tana da matakai huɗu a ƙarƙashinta: Single-A, High-A, Double-A da Triple-A, ban da sansanonin horo a Arizona da Florida da Jamhuriyar Dominika, inda ake ɗaukar yara tun suna shekara 16. Tun gyaran da aka yi a 2021, ƙananan ƙungiyoyin da ke waɗannan matakai 120 ne. Mafi yawan waɗanda suka fara hawa wannan tsani ba sa kaiwa ƙarshensa.

Hanyar farko ta auna yaro ita ce ido. Akwai mutanen da aikinsu ke nan, yawo gari gari suna zama a bayan raga da littafi da na'urar auna gudun ƙwallo. Abubuwa biyar suke dubawa ga wanda ba mai jifa ba: iya bugu, ƙarfin bugu, gudu, tsaron fili da ƙarfin hannu wajen jifa. Kowanne suna ba shi maki daga 20 zuwa 80, inda 50 yake nufin matsakaicin ɗan babbar gasa. Ido yana ganin abubuwan da takarda ba ta ɗauka, kamar yadda yaro yake motsa ƙugu ko yadda fuskarsa take sauyawa bayan an fitar da shi. Amma ido yana ruɗuwa da kyan jiki. Billy Beane, wanda littafin Moneyball na 2003 ya yi magana a kansa, New York Mets ta ɗauke shi a zagayen farko na zaɓen matasan 'yan wasa na 1980 saboda duk wanda ya gan shi sai ya ce an haifi tauraro. Bai taɓa samun gindin zama a babbar gasa ba. Da ya zama shugaban ƙungiyar Oakland, sai ya jingina da alƙaluma.

Alƙaluman kuwa sun yi nisa. Tun 2015 kowane babban fili yana da na'urorin Statcast masu bin diddigin ƙwallo, kuma irinsu sun sauka zuwa ƙananan matakai. Ana iya sanin gudun da ƙwallo ya bar kulki da shi, da yawan juyin da yake yi a iska, da sau nawa yaro yake kai wa ƙwallon da ya kauce hanya bugu. A ganina wannan na ƙarshen ya fi sauran faɗar gaskiya, shi da shekarun yaron idan aka kwatanta da na abokan karawarsa. Ɗan shekara 20 da yake riƙe kansa a Double-A ya fi ɗan 25 da yake ragargazar kowa a can.

Dalilin da ya sa kai wa ƙwallon da ya kauce bugu yake da muhimmanci yana cikin abin da ke faruwa a 'yan daƙiƙoƙin nan na karawa. A ce mai jifa ya kauce hanya sau biyu, ya shiga matsi, domin in ya kauce sau huɗu mai bugu zai wuce kyauta. A ƙananan matakai, yaron da ke jifa ba shi da zaɓi, dole ya miƙo ƙwallo sak a tsakiya, mai bugu kuma ya sani, yana jira. A babbar gasa, a daidai wannan matsin, gogaggen mai jifa zai sako ƙwallon da yake tahowa tamkar miƙaƙƙe, sai ya rage 'yan mitoci ya lanƙwashe ya faɗi ƙasa ta gefe. Yaro ya riga ya saki kulki, iska ya buga. Kafin dare, sauran ƙungiyoyi 29 sun ga hoton bidiyon, kuma daga ranar ba zai sake ganin abin da yake so ba sai wanda ya gaza bugawa. Babu wani mataki a ƙasa da yake da isassun masu irin wannan jifa da za su koya masa. Abin da ake son a tabbatar ya iya kafin a hauro da shi, a sama kaɗai ake koyonsa sosai.

Jackson Holliday ya nuna haka a 2024. Baltimore ta ɗauke shi na ɗaya a zaɓen 2022, ya ratsa matakai huɗu a shekara guda, masana suka sa shi a gaban duk matasan wasan. Ido ya yarda, alƙaluma sun yarda. Aka hauro da shi a Afrilu yana ɗan shekara 20. A wasa goma ya tsaya bugu sau 34, ya dace sau biyu, aka fitar da shi da jifa sau 18. Aka mayar da shi ƙasa, ƙaramar ƙungiyar Norfolk, sai ƙarshen Yuli ya dawo.

Wanda ya tsaya a nan zai ce an yi gaggawa. Tarihi bai goyi bayan saurin yanke wannan hukunci ba. A 1951 New York Giants ta kira Willie Mays daga ƙaramar ƙungiyarta ta Minneapolis, inda yake dacewa a kusan rabin tsayuwarsa. Ya tsaya sau 12 na farko bai samu komai ba. A na 13 ya buga wa mai jifa Warren Spahn ƙwallon da ya tsallake shinge, sannan ya sake shiga fari. Yaron ɗan shekara 20 ya karaya har ya nemi a mayar da shi ƙasa. Kocinsa Leo Durocher ya ƙi, ya tabbatar masa cewa wurin nasa ne ko ya buga ko bai buga ba. A ƙarshen shekarar Mays ne gwarzon sababbin 'yan wasa, kuma ya yi ritaya da bugun tsallake shinge 660. Mike Trout ma a 2011, yana ɗan shekara 19, kashi 22 cikin ɗari kawai ya dace a wasa 40. Shekara ta gaba ya kai kusan kashi 33, da tsallake shinge 30. Ga kuma Juan Soto, wanda ya fara kakar 2018 a matakin can ƙasa, ya buga wasa takwas kacal a Double-A, bai taka Triple-A ba, ya isa Washington a watan Mayu yana da shekara 19, ya zauna daram. Babu ma'aunin da zai haɗa waɗannan mutane a layi ɗaya. Abin da na fahimta daga gare su shi ne makonnin farko ba sa faɗar komai. Isar yaro tana bayyana ne bayan an gano rauninsa, a ga ko zai iya gyarawa, kuma wannan gyara yana buƙatar koci irin Durocher da zai tsaya masa. Rabin tambayar ke nan ya koma kan ƙungiya: ita ta shirya haƙuri da shi?

Da a ce wahalar ta tsaya ga rashin sanin gaibu, da sai a yi wa kowa uzuri. Abin da yake ci mini rai shi ne sau da yawa aljihu ne yake ba da amsa, a fake da maganar wasa.

A 1973 Texas Rangers tana cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi. Ba ta daɗe da ƙaura daga Washington ba, ba ta cin wasa, mutane ba sa zuwa kallo. Sai ta ɗauki David Clyde, ɗan makarantar sakandare daga Houston mai jifa da hagu, wanda ya ci wasa 18 bai faɗi ko ɗaya ba a shekararsa ta ƙarshe. Mai ƙungiyar, Bob Short, ya ga hanyar cika fili. Ranar 27 ga Yuni, makonni kaɗan bayan yaron ya gama makaranta, aka ɗora shi a kan tudu a gaban mutane sama da 35,000 don ya kara da Minnesota. Ya bar mutum biyu na farko suka wuce kyauta, sannan ya fitar da uku a jere, fili ya ɗauki sowa, kuma ya ci wasan. An tsara ya yi wasa biyu ne a tura shi ƙasa ya koyi sana'a. Da aka ga kuɗin ƙofa, sai aka fasa. Yaro ɗan shekara 18 ya ci gaba da jifa ga manyan da suka gama karanta shi, ba tare da ya samu wurin da zai koyi sabon salo a natse ba. Hannu ya lalace. Wasansa na ƙarshe a babbar gasa a 1979 ne, yana da shekara 24, da nasara 18 da faɗuwa 33. Babu wanda zai iya rantsewa cewa da an bi a hankali da ya zama gwani. Amma an hana shi damar a gani, kuma waɗanda suka hana shi sun san abin da suke yi.

Kris Bryant kishiyar Clyde ne, amma cuta ɗaya ce ta same su. Dokar gasar ta ce ɗan wasa yana samun 'yancin sayar da kansa ga duk wanda ya fi tayi bayan cikakkun shekaru shida, kuma kwana 172 a cikin jerin babbar ƙungiya shi ne shekara guda. Idan aka riƙe yaro a ƙasa na kusan mako biyu a farkon kakarsa ta farko, shekarar ba ta cika ba, ƙungiya ta samu kaka bakwai a maimakon shida. Bryant ya buga tsallake shinge 43 a ƙananan matakai a 2014, ya ƙara tara a wasannin share fage na 2015. Chicago Cubs ta ce yana buƙatar ƙarin gogewa wajen tsaron fili, ta tura shi ƙaramar ƙungiyarta ta Iowa. Ta kira shi ranar 17 ga Afrilu. Da aka yi lissafi a ƙarshen kaka, kwana 171 yake da shi. Ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a shekarar, ya zama gwarzon rukunin gasarsa a 2016, shekarar da Cubs ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1908. Ya kai ƙara, aka yanke hukunci a farkon 2020 cewa ƙungiyar ba ta karya doka ba. Ta yiwu ba ta karya ba. Amma ban yarda cewa akwai darasin tsaron fili da ake gama koya daidai ranar da lissafi ya juya ba, kuma shekara guda a rayuwar ɗan wasa ba ƙaramin abu ba ne, don ƙarfinsa ba ya jiran kowa.

Yarjejeniyar 2022 tsakanin masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa ta taɓa matsalar. Yanzu ƙungiyar da ta fara kaka da fitaccen matashinta, ya kuma ci kyautar gwarzon sababbi, tana samun ƙarin gurbi a zaɓen 'yan wasa. Seattle ta samu haka da Julio Rodríguez a shekarar. Wanda kuma ya zo na ɗaya ko na biyu a wannan kyauta ana rubuta masa cikakkiyar shekara ko da an makara da shi. Paul Skenes na Pittsburgh bai fara ba sai 11 ga Mayun 2024, amma ya ci kyautar, ya samu shekararsa.

Game da masu jifa irin Skenes ina sassauta wa ƙungiyoyi. Gwiwar hannu ba ta da ruwa da hazaƙa. Yaron da ya saba jifa sau ɗaya a mako a jami'a, in aka ɗora masa kowane kwana biyar na tsawon wata shida, jijiya tana iya tsinkewa. Tiyatar da likita Frank Jobe ya fara yi wa Tommy John a 1974 tana ɗinke ta, amma tana cin sama da shekara guda. Stephen Strasburg ya fitar da mutum 14 a wasansa na farko a 2010, kafin kakar ta ƙare yana kan gadon tiyata. Jinkirin da aka yi don kare hannu jinkiri ne mai hujja.

Ga masu bugu kuwa, hukuncina bai da sarƙaƙiya. Ranar da matakin ƙasa ya daina koya wa yaro wani sabon abu, a hauro da shi, a ba shi watanni biyu ko uku yana bugawa kullum, a yi tsammanin zai faɗi, a kuma gaya masa tun farko cewa faɗuwar ba za ta raba shi da wurinsa ba. Gyaran 2022 ya kare fitattu ne kawai, 'yan ƙalilan da suke iya kaiwa ga kyauta. Matsakaicin yaro, wanda zai zama ɗan wasa mai amfani ba tare da sunansa ya cika jaridu ba, har yanzu ana iya riƙe shi mako biyu a ci masa shekara. Muddin ƙirgen kwanaki ne yake yanke ranar 'yancin ɗan wasa, ofishin kuɗi zai ci gaba da sa baki a shawarar da ta kamata ta zama ta koci da masu horo. Wannan doka ta kwana 172 ita ya kamata 'yan wasa su sa a gaba a teburin sulhu.