Vanda ba ta shan ruwan shinkafa

Jama'a, ni dai ruwan shinkafar nan ya ishe ni. Ruwan shinkafa, jiƙon ɓawon ayaba, tafarnuwa da aka daka aka tace, yanzu kuma har da madara da ɗanyen ƙwai. Ka leƙa TikTok ko Facebook sai ka ga hannun wani yana tsiyaya farin ruwa a kan saiwar okid, a yanke hoton, a dawo, sai ga fure reras, an rubuta a sama wai sirrin da masu sayar da furanni ba sa so ka sani. Mu kuma da muka faɗa renon vanda, wani nau'in okid, a 'yan shekarun nan mun karɓa hannu bibbiyu. Saƙonnin da kuke turo mini kusan duk tambaya ɗaya ce: Malam, me zan ba ta ta yi fure? Da wuya ka ji wanda ya tambayi inda ya kamata a rataye ta.

In na ce a turo hoto, na san abin da zan gani. Vanda ce a falo, a bayan labule mai kauri, kusa da talabijin, na'urar sanyaya ɗaki tana busa ta dare da rana. Ganyenta kore mai duhu, dogaye, sun ɗan langaɓe, Hajiya kuma tana alfahari da wannan koren. To Hajiya, wannan duhun koren yunwar haske ce. Vanda da ta ƙoshi da rana ganyenta kauri ne da shi, korensa mai haske, har ya ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa. Wadda ke zaune a duhu ko jarkar tafarnuwa kika juye mata ba za ta fitar da fure ba, don ba ta tara ƙarfin yin sa ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Ku dubi yadda Allah ya yi ta tukuna. A can gidansu, daga arewa maso gabashin Indiya zuwa Miyanma, Tailan da tsibiran Filifin, a kan rassan itatuwa take zama, saiwoyinta na reto a iska. Ba kauci ba ce, ba ta tsotson itacen da take kai, mazauni kawai take nema a can sama inda haske yake. Saiwar nan mai kaurin fensir tana lulluɓe da wani farin ɓawo mai shan ruwa, masana suna ce masa velamen. In ta bushe za ka gan ta fari fat, ka zuba mata ruwa a gabanka za ta juye kore, bakinta kuma in tana girma kore ne mai sheƙi kullum. Abincinta a daji ɗan abin da ruwan sama ya wanko ne daga ɓawon itace, ƙura da kashin tsuntsaye, kaɗan-kaɗan, ta jiƙe sharkaf sannan iska ta busar da ita cikin ɗan lokaci. Wannan saiwar ce ake shafa wa sitaci da madara. A cikin ƙasa akwai ƙananan halittu da ke ruɓar da ɓawon ayaba har ya zama abin da shuka za ta iya sha. A kan tsirarar saiwa ba su da wurin wannan aiki, abin da za ka samu shi ne fumfuna, kiyashi, ƙananan ƙudaje, da wani tsami-tsamin wari da maigida zai fara tambayar daga ina yake fitowa.

Na sani, ɓawon ayaba yana da sinadarin fotasiyam, kuma ba a ce vanda ba ta son taki ba. Tana so, sosai ma. Takin da ake narkawa a ruwa, a tsinka shi ya yi rabi ko rubu'in abin da aka rubuta a jikin roba, sau ɗaya a mako bayan an jiƙa saiwar. Shi ke nan maganar taki, mu wuce.

Abin da ya fi ba ni haushi a bidiyoyin nan shi ne rainin hankali. Daga ranar da ɗan tsiron fure ya leƙo daga hammatar ganye zuwa ranar da furen farko ya buɗe, makonni ake ɗauka. Babu jiƙon da ke gajarta wannan. Furen da ka gani a ƙarshen bidiyo ko dai wata shukar ce dabam, ko kuma da ma ta ɗauko hanyar fure tun kafin a daka tafarnuwar. Haka ma wadda ka saya da furenta. Yawancinsu daga gonakin Tailan suke fitowa, irin na yankunan Nakhon Pathom da Ratchaburi kusa da Bankok, inda ake rataye su jere-jere a ƙananan kwandunan roba, ba ƙasa ba komai, ƙarƙashin ragar da ke rage zafin rana, ana fesa musu ruwa kowace safiya a iska mai cike da damshi. Shekaru suka yi ana musu haka kafin su kai girman yin fure. Furen da ya burge ka har ka fitar da kuɗi, ranar Tailan ce ta yi shi. Na gaba kuwa sai ranar gidanka, in ka bari ta gan ta.

Kuma rana ba ita ce matsalarmu a nan ba, ita muke da ita har ta yi yawa. Gefen gabas na gida, ƙarƙashin baranda ko bishiya mai sakakken ganye, inda hantsi zai same ta amma ranar azahar ba za ta ƙona ta ba, ya wadatar. Da damina a Abuja ko Kaduna vanda ba ta da ƙorafi, saiwoyi na fita ta ko'ina. Jarrabawar tana zuwa ne da hunturu. Shukar da ke son damshin iska ya kai kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari, ga ta a Kano a watan Fabrairu inda yakan faɗi ƙasa da kashi 20. A lokacin sai ka jiƙa ta da safe har kowace saiwa ta koma kore, ka dakata kaɗan ka sake, in zafi ya tsananta ka ƙara da rana tsaka. Ko ka sauke ta ka tsoma saiwoyin a bokiti na kamar rabin sa'a. Kullum, ba fashi, har ranar da za ka je ɗaurin aure. Kada ruwa ya kwana a tsakiyar ganyen sama, don in nan ya ruɓe an gama, daga nan kaɗai take tsawo. In ruwan burtsatsenku mai barin farin gishiri ne a jikin tukunya, tari ruwan sama. Mutanen Jos kuma ku shigar da ita ciki a dararen Disamba da Janairu, ba ta ƙaunar sanyin da ya sauka ƙasa da digiri 13 ko makamancin haka.

Kun ga dalilin da jiƙe-jiƙen nan suke da farin jini ai. Aikin da na lissafa gajiya gare shi, kuma ba ya kyau a bidiyo. Wa zai tsaya kallon mutum da bokiti da safe? Amma a ce maka ga sirri, sau ɗaya a wata, kayan haɗinsa na cikin kicin, wannan kam daɗin ji gare shi. In ganyen ƙasa suka fara yamushewa suna zuba ɗaya bayan ɗaya har ta koma doguwar sanda da ɗan tukku a ka, ƙishirwa ce, sai ka ji ana tambaya ko a ƙara tafarnuwa.

Akwai ma masu ɗora ƙanƙara. Dabarar da wasu masu sayar da okid ɗin tukunya suka yayata a Amurka don kada mutane su cika ruwa, ita aka kwaso aka manna wa shukar da ba ta da tukunya, ba ta kuma san sanyi ba. A ina ma za ka ɗora ƙanƙarar? Su kuma wasu masu lambun bakin titi, Allah ya shirye su, sun ga saiwa a waje tausayi ya kama su, sun binne ta a baƙar ƙasa da kashin shanu. Wannan ba ta daɗewa take ruɓewa.

Wanda baranda ta yi masa kaɗan ko inuwa ta yi masa wuya, akwai mafita da ba ta buƙatar turmi. Masu siraran ganye zagayayyu sun fi jure rana, irin Vanda Miss Joaquim, wadda aka sa wa sunan Agnes Joaquim, Ba'armeniyar da ta samar da ita a lambunta a Singafo, aka bayyana ta a 1893, ƙasar kuma ta zaɓe ta furen ƙasa a 1981. Ita a fili ake kafa ta jikin turke tana hawa, sai dai ita ma ruwa take so. Wanda kuma ransa ya biya shuɗiya, ya sani kalar daga Vanda coerulea ta tsaunukan Khasi na Indiya aka gado ta, kuma 'ya'yan da aka samu daga haɗa ta da Vanda sanderiana ta tsibirin Mindanao na Filifin, irin Rothschildiana, sun fi uwar sauƙin reno a ƙasa mai zafi. In kuma bokitin kullum ne ya gagare ka, ga Ansellia africana mai ɗigo-ɗigon damisa, 'yar nahiyarmu, da ke zama a kan itatuwa ta shanye watannin rani ba ta mutu ba. A nemi wadda aka rena a lambu, a bar ta daji a dajinta.

Gaskiya ɗaya zan ba masu bidiyon, ba da son raina ba: sun jawo mutane da yawa cikin harkar, har waɗanda da ba su san okid ba. Kuma akwai wata baiwar Allah cikinku da tata ta yi fure bayan jiƙon tafarnuwa, ta turo mini hoto don ta ƙure ni. Na tambaye ta yadda aka yi. Ashe warin ne ya hana mutanen gida zaman falo, aka fitar da shukar aka rataye a reshen mangwaro a tsakar gida, yara kuma in suna ban ruwan fulawa da safe sai su watsa mata. Na ce mata Hajiya, ai mangwaron nan za ki gode wa. Ta ce hassada ce ke damuna, kuma ta riga ta ba maƙwabciyarta haɗin.