Kantin da Aka Kafa Bisa Tafkin Ninƙaya

A lamba 17 ta titin Sèvres, cikin birnin Paris, akwai wani kantin kayan ƙawa na kamfanin Hermès da aka buɗe a ƙarshen shekarar 2010. Hermès tsohon gida ne, tun 1837 ya fara da ɗinkin kayan doki, yau kuma an fi saninsa da jakunkunan fata da kallabin siliki masu ɗan karen tsada. Ginin da kantin yake ciki gidan ninƙaya ne da aka gina a 1935 kusa da otal ɗin Lutetia. An daina iyo a cikinsa wajen shekarun 1970, sannan a 2005 hukumar Faransa ta sanya shi cikin gine-ginen tarihi waɗanda doka ta hana a ɓata. Ke nan Denis Montel na ofishin zane na RDAI, wanda aka ba aikin tsara cikin kantin, ya tarar da wuri mai sharaɗi: a yi kasuwancin zamani, amma kada a raunata tsohon gini.

Ga yadda ya ɓullo wa lamarin. Ƙofar shiga ba ta da wani girman a zo a gani. Mutum zai bi wani ɗan lungu har ya iso bakin matakala, sai fili ya buɗe masa a ƙasa, ga barandu kewaye da shi hawa-hawa da tsoffin ƙarafunansu, ga haske yana saukowa daga tagogin rufi. Ramin tafkin ba a cike shi da ƙasa ba. An ɗora masa daɓe ne bisa wani siririn gini mara nauyi, aka bar shi lafiya lau a ƙarƙashi. Bisa daɓen an shimfiɗa ƴan mitsi-mitsin tayil masu ƙyalli, waɗanda ke wasa da haske kamar fuskar ruwa. A tsakiyar filin kuma aka kafa bukkoki uku na siraran katako da aka saƙa kamar kwando, tsayinsu ya kai mita 9, kowace ta ɗan karkata kamar tana leƙen hasken sama. Cikinsu aka jera kaya.

A ganina cikar wannan aiki tana wuri ɗaya: in gobe Hermès ya tashi, ana iya kwance bukkokin, a ɗage daɓen, ginin 1935 ya dawo da kamanninsa. Bukkokin tsaye suke da ƙafafunsu, ba su jingina da tsohon bango ba. Sannan ba su yi shigar burtu ba. Ko yaro ya shiga zai nuna maka wannan tsoho ne, wancan sabo ne, domin ɗaya siminti ne da ƙarfe mai kusurwa a miƙe, ɗaya katako ne mai lanƙwasa. Wannan shi ne abin da yarjejeniyar Banis ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi ta nema, wato duk abin da aka ƙara ya zo da tambarin zamaninsa, kada ya ruɗi mai kallo. Baƙon kirki ke nan: ya zauna inda aka ba shi, bai rushe katangar mai masauki don ya miƙe ƙafa ba.

Don a ga darajar wannan, sai a dubi wani kantin da ya fi shi suna a hotuna, wato Crystal Houses da ke titin P.C. Hooftstraat a Amsterdam ta ƙasar Holan. Ofishin MVRDV ne ya zana shi, aka gama a 2016. Chanel ya fara zama a ciki, Hermès ya gaje shi a 2019. A can an rushe tsoffin gidajen ne, aka sake gina fuskarsu da bulon gilashi kusan 7,000 da aka manne da wani gam mai bushewa da haske. Daga ƙasa gilashi ne garau, yana hawa yana cuɗanya da jan bulo har ya koma bulo zalla a sama. Gwaninta kam an nuna ta, ban musa ba. Sai dai abin da mai wucewa yake gani hoton marigayi ne, tsohon gidan ya riga ya tafi. An ma ƙara wa fuskar tsayi don cikin kantin ya sami sarari. Wanda ya yanka saniya ya zana surarta a bango bai isa ya ce yana kiwo ba.

Duk da haka kantin Paris ɗin ma ba ya rasa abin faɗa. Na farko, tafkin da aka adana an adana shi ne inda ido ba ya kai. Mai saye yana taka tarihi da takalminsa ba tare da ya gan shi ba, an ba shi ƙyallin tayil a madadin ruwa. Da an bar ko da kusurwa ɗaya a buɗe ƙarƙashin gilashi, da zurfin wurin ya yi magana da kansa. Na biyu, bukkokin sun cika jan ido. Duk hoton da aka ɗauka su ne a gaba, barandun da doka ta kare sun koma ƴan rakiya. Na uku kuwa ya shafi mu da muka san bukka a matsayin ɗakin makiyayi da manomi a gona. A nan an ɗauki siffar matsugunin mai ƙaramin ƙarfi an mai da ita rumfar kayan da kuɗin ɗayansu zai gina gida sukutum. Wurin da dā mutane ke shiga ruwa tare, yau ƙofarsa a buɗe take ga kowa, amma farashi ne mai gadi.

Me ya kawo wannan zance gabanmu? Masu ɗinki da masu sayar da atamfa da shadda suna ta buɗe butik a tsoffin unguwanni, daga Birnin Damagaram zuwa Agadas, wadda tsohon garinta ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Abin da na sha gani shi ne a kama tsohon zaure, a yaɓe bangon ƙasa da siminti, a liƙa tayil har sama, a rufe azara da bakan gizo da silin roba. Bayan munin gani, akwai illa ta zahiri. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, in aka toshe shi da siminti sai ruwa ya taru a ciki, ya ci shi ta ƙarƙashi har ranar da yaɓen zai ɓanɓaro da rabin bangon.

Kuma ba sai mun je Turai neman wata hanya ba. A Dandaji ta jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu a 2018, suka gina sabon masallaci kusa da shi. Sun gyara tsohon ginin, suka shigar da kantocin littattafai da ɗan bene na katako da ƙarfe, suka bar rufin da maginan dā suka ɗaura yana kallon mai karatu. Tunanin ɗaya ne da na titin Sèvres, da kuɗin da bai kama ƙafarsa ba.

Don haka ga mai shirin buɗe kanti a tsohon gida, tambaya ɗaya nake ba shi ya yi wa maginin da zai ɗauka: ranar da na tashi, me zan bar wa mai gidan? In amsar ita ce zauren zai dawo yadda aka same shi, to a kafa kanta, a rataya fitila, a sa madubi. Shadda mai maiƙo ta fi fitowa jikin jan bango mai makuba fiye da jikin farin tayil da ke kowane shago. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in ba a fasa tulun ba.