Wa zai ƙirga maikin Kwatarkwashi?

Tun da aka fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a 2015, ƙarƙashin cibiyar APLORI da ke Jos, ƙungiyoyin masu kallon tsuntsaye sai ƙaruwa suke yi a Arewa. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi. Ka shiga da madubin hangen nesa, ka rubuta duk tsuntsun da ka gani ko ka ji kukansa a manhajar BirdLasser, ka tura. Aiki ne mai kyau, babu ja. Sai dai riga ce da aka ɗinka wa mai zaman lafiya.

Mu a nan yankin Gusau fa? Rataya madubi ka tsaya bakin hanyar Tsafe kana leƙen duwatsu. Kafin ka tantance hasbiya ce ko kurciya, an riga an ce kai infoman 'yan bindiga ne. Kuma ba na ganin laifin wanda ya faɗa.

Abin da ke ci mini rai shi ne Dutsen Kwatarkwashi a Bungudu. Masana sun daɗe da saninsa a matsayin wurin da maiki ke sheƙa, garin ma ya yi suna da bikin kamun maiki. Irin wannan tsuntsu ne ya yi karo da jirgin sama a sararin Abijan a 1973, sama da mita 11,000 daga ƙasa. A 2015 aka sa shi, tare da ungulu, cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Guba da cinikin sassan jikinsu don magani sun ci su. Tambayi mahauci a Gusau yaushe rabonsa da ya kori ungulu daga mayanka, ka ga yadda zai yi shiru yana lissafi.

A ganina, jiran baƙo mai madubi ɓata lokaci ne. Manomin da ke gindin dutsen ya san ranar da shamuwa ta sauka bana, ya san ko ta makara. Yaron da ke kaɗa gwangwani a gonar gero ya san lokacin da jan-baki ke zubowa. Tsohon maharbi ya san tsagin da maiki ke kwana a da. A koya wa ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau aikin taswirar, su riƙa zama da waɗannan mutane suna rubutawa da sunayen Hausa. Su fara da cikin gari da bakin dam, inda zuwa bai buƙatar rakiyar 'yan sa-kai.