Mota Ma Tauraruwa Ce: Sharhi A Kan "Mad Max: Fury Road"

A taron ƙungiyarmu na baya, wani ɗan'uwa ɗalibi ya ce wannan fim ba kome a cikinsa sai ƙura da ƙarar injin, don haka bai cancanci nazari ba. Ni kuwa ban yarda ba, kuma ga dalilina.

George Miller ne ya shirya fim ɗin, ya fito a 2015, an ɗauki yawancinsa a hamadar Namibiya. Duniyar labarin ƙagaggiya ce: mulki ya rushe, ruwa da fetur sun zama dukiya. Furiosa ta sace matan azzalumin sarki Immortan Joe su biyar, ta ɓoye su a cikin wata ƙatuwar tanka mai suna War Rig, ta nausa daji.

A ganina tankar nan tana cikin manyan taurarin labarin, domin an ba ta rauni irin na mai rai. Tana jin ƙishirwa, injinta yakan yi zafi, ba ta tashi sai ga wanda ya san sirrin makunninta. Da wuta ta kama gabanta, sai aka sauke garmar da ke hancinta, ƙasa ta watsu ta kashe wutar. Duk inda ta tsaya mai kallo ya san rayuka na cikin haɗari. Wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san wannan fargaba, domin ayarin da ke ƙetare Sahara ransa na rataye ne ga raƙumi da salkar ruwa.

Wurin da ya fi burge ni shi ne daren da tankar ta kafe a taɓo. Nauyinta, wanda da rana shi ne ƙarfinta, ya zame mata bala'i, sai da aka ɗaura igiyar ƙarfe a jikin wata busasshiyar bishiya aka jawo ta. Duk rundunar Joe ta maƙale, mota ɗaya kaɗai ta biyo su: ta Bullet Farmer, mai tafiya a kan sarƙa irin ta katafila. Nan Miller ya nuna ya san aikinsa. Taya tana tara nauyi a wuri kaɗan sai ta nutse, sarƙa kuwa tana shimfiɗa shi.

To, amma a nan ne kuma nake da ƙorafi. Mutanen da suka daɗe a cikin rairayi da taɓo, ina motarsu mai rabin sarƙa, wato tayoyi a gaba don juya kai, sarƙa a baya don turi? Ai ba sabuwar dabara ba ce. Adolphe Kégresse ya ƙera irinta domin Sarkin Rasha, Nicholas na Biyu. Motocin Citroën biyar masu wannan ƙira sun taso daga Tugurt ta Aljeriya a Disamban 1922, suka isa Tambutu a cikin mako uku. Wasu takwas kuma, da suka taso a 1924, sun ratsa Yamai da Damagaram a hanyarsu ta zuwa Tafkin Cadi. Miller ya fifita taya ne saboda sarƙa ba ta da gudu, shi kuwa tsere yake son nunawa. Wato sha'awar ido ta rinjayi hankalin duniyar da ya gina. Haka nan, ƙasar da ba masana'anta, daga ina take samun tayoyin da ake fasawa ba adadi?

Duk da haka, darasin da ke nan babba ne ga marubutanmu. Tun da Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969 aka buɗe mana ƙofar ƙagen kimiyya. Wanda zai shiga ta, in ya ƙago abin hawa, to ya faɗa mana abin da yake sha, da abin da ke lalata shi, da wanda ke gyara shi. Motar da ba ta taɓa mutuwa a hanya, aljani ce aka yi wa fenti, kuma mai karatu ba zai ji tsoro domin fasinjanta ba.

Ina fatan ɗan'uwana zai sake kallo, sa'an nan ya ba ni amsa a fitowa ta gaba.